Kundin aiki: tattara ma'anonin kalmar “run” don ajin yamma

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Yau aka soma. Abin da ake son samarwa shi ne katunan koyo da ɗan littafi mai shafi 24, duk a kan kalmar Ingilishi guda ɗaya, wato “run”. Ajin na mutum 22 ne, wasu 'yan kasuwa da ma'aikata, wasu 'yan aji shida na sakandare masu shirin WAEC. Kowa cikinsu ya san “run” gudu ne. Da wannan sanin kaɗai mutum zai buɗe jarida ya ga an ce wance “runs a school”, ya tsaya yana tunanin ina makarantar ta gudu.

Girman lamarin ba ƙarami ba ne. Da masu babban ƙamusun Oxford suka sake bitar kalmar, aikin da ya fito a 2011, sun lissafa ma'ana 645 a matsayinta na aikatau kawai, kuma editan da ya yi aikin, Peter Gilliver, ya kai wata tara a kanta. A bugun 1989 “set” ce ke riƙe da kambu da ma'ana 430. Ajinmu ba ya buƙatar ko kashi ɗaya cikin biyar na wannan. Abin da nake nema shi ne waɗanda mutum zai ci karo da su a jarida, da waya, da asibiti, da takardar jarrabawa.

Ƙa'idar aiki: ba za a ɗauko misali daga ƙamus ba. Kowace jimla sai an tsinto ta a inda aka yi amfani da ita, a rubuta inda aka samo. Ƙamus na tantancewa ne daga baya.

Sayayya: kwali 6 a kan naira 350 kowane, 2,100, maka (alƙalamin rubutu mai kaurin baki) 4, 2,000, littafin rubutu, 800, robar ɗaure kuɗi, 300. Jimilla 5,200. Kwali ɗaya yana ba da kati 32 idan aka yanka santimita 12 da 8, wato kati 192 ke nan.

Laraba, 8 ga Janairu

Jimla 64 daga jaridu uku da labaran rediyo. Ba a yi komai da su ba tukuna, tarawa kawai.

Asabar, 11 ga Janairu

An kai jimla 240, an tsaya. An ƙara da littafin umarnin janareta, da saƙonnin da waya ke nunawa, da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, da takardar da ke cikin kwalin magani.

Na ƙirga waɗanda gudun ƙafa ake nufi a cikinsu, mutum ko dabba: 38 ne, kuma kusan duka daga shafin wasanni da labarin 'yan sanda suka fito. Sauran 202 babu wanda ya ɗaga ƙafa. A littafin janareta kuwa ko ɗaya babu. Can duk maganar inji ce, kada a bar shi “running” a cikin ɗaki, sa'a nawa zai yi da tanki guda. Wannan ƙirgar za ta shiga shafin farko na littafin, domin ita ce hujjar aikin gaba ɗaya.

Talata, 14 ga Janairu

Rabon farko ya lalace. Na yi niyyar kasa jimlolin bisa kalmar Hausa da ke fassara kowace, sai tulin ya haura 70, da yawa jimla ɗaya tak a ciki. Dalili a fili yake: inda Ingilishi ya riƙe aikatau ɗaya yana juya shi, Hausa canza aikatau take yi kusan kowane lokaci. Famfo zuba yake, rijiya ƙafewa take, ɗan siyasa tsayawa yake, mota jigila take, jarida buga labari take. Ɗalibi ba zai haddace tuli 70 ba, kuma ko ya haddace, jimla ta 241 za ta kayar da shi. Yini biyu suka tafi a haka.

Wani malamin Hausa da ya leƙa aikin ya ce in dubi “ci” da “sha”. Ana cin tuwo, ana cin kasuwa, ana cin zaɓe, ana cin bashi, ana cin amana, riga tana cin yadi biyar. Ana shan ruwa, ana shan iska, ana shan wahala, ana shan kaye. Bahaushe bai taɓa ruɗewa ba, domin kalmar da ke kusa ita ke faɗa masa wace ma'ana ake nufi. Da wannan za a buɗe darasin farko, kuma da shi za a sake rabo: a tambayi mene ne aikau, wato mai yin aikin, mene ne karɓau, wato wanda aikin ya faɗa wa.

Alhamis, 16 ga Janairu

Sabon rabo ya zauna. Tuli bakwai, ban da na ƙananan kalmomin da ke bin aikatau, irin su “out” da “into”, waɗanda aka ware gefe.

Na ɗaya, mai ƙafa: gudu, ruga, sheƙa, tsere. Ba ya buƙatar kati da yawa, takwas sun isa.

Na biyu, abu mai ruwa-ruwa. “The tap is running”, famfo yana zuba. “My nose is running”, hanci yana yoyo. “The colours ran”, rini ya zuba, kamar yadda ake cewa atamfa tana zuba. “Running water” a tallan gidan haya ruwan famfo ake nufi, kar a ce ruwa mai gudu kamar na rafi. A nan Hausa da Ingilishi sun ɗan yi kusa, tunda mu ma muna cewa ruwa yana gudu ko yana gudana.

Na uku, inji da na'ura. “The engine is running”, inji a kunne yake, ko da motar tana tsaye cak. Wannan ita ce jimlar da za ta fi amfani ga direbobin ajin. “It runs on diesel”, dizal yake sha. Manhajar kwamfuta ma nan take.

Na huɗu, riƙon ragama: shago, makaranta, gwamnati, gida.

Na biyar, abin da ya miƙe a wuri ko a lokaci. Hanya ta tashi daga Kano ta bi ta Zariya ta kai Kaduna, Bature zai ce “runs”. Kwangila ta shekara biyu, shirin da aka yi wata shida ana watsawa, motar da ke jigila kowace sa'a, duk haka. “It runs in the family” na sa shi nan, domin abu ne da ya miƙe daga kaka zuwa jika. Fassararsa gado ne, ko a jininsu yake.

Na shida, takara.

Na bakwai shi ne wanda ban gamsu da shi ba. Ya ƙunshi halin da abu ke shiga ko yake ciki: “run dry”, “run low”, “run late”, “run wild”, “run a fever”, “run a risk”. Huɗun farko sifa ce ke bin aikatau, biyun ƙarshe suna ne, don haka haɗin na dole ne. Na bar su tare don kada tuli ya sake yawa, amma katunan za su sami alama daban.

Jimla 11 sun ƙi shiga ko'ina. An ɗaure su da roba an ajiye.

Litinin, 20 ga Janairu

Tuli na huɗu ya fitar da abu mai kyau. A Ingilishi siffar kalma ba ta canzawa tsakanin ƙi-karɓau, aikatau da ba ya ɗaukar karɓau, da so-karɓau, wanda ke ɗauka: “the shop runs well”, “she runs the shop”. Hausa kuwa tana nuna bambancin a jikin aikatau. Abu yana gudana, wani yana gudanar da shi. Abu yana tafiya, wani yana tafiyar da shi. Wannan “-ar da”, wadda masana nahawun Hausa ke kira giredi na biyar, ita ce mabuɗi. Dokar da za a ba ɗalibai: idan suna ya biyo bayan “run” kai tsaye, babu ƙaramar kalma a tsakani, fara gwada gudanar da ko tafiyar da.

Na gwada dokar a kan jimlolin so-karɓau 52 da nake da su. Ta yi aiki a 37. Inda ta faɗi: “run errands”, zuwa aike, “run a story”, buga labari, “run a bath”, tara ruwan wanka a baho, “run a red light”, wuce jar danja ba tsayawa, “run a marathon”, wanda gudun ne na ainihi, da zazzaɓi, inda Hausa ke juya jimlar ta ce zazzaɓi ya kama shi. Waɗannan kowane zai sami katinsa da jan layi a gefe.

Alhamis, 23 ga Janairu

Tsarin kati: gaba, jimlar Ingilishi cikakkiya da layi ƙarƙashin “run” da kalmar da ke yanke ma'ana. Baya, jimlar Hausa yadda za a faɗe ta a gida, da lambar tuli a kusurwa. Ba a rubuta kalma ita kaɗai a kowane kati.

Kwali uku cikin shida masu sheƙi ne, maka ba ta kama su. Rubutu ya goge a hannu bayan kati 40. An sayo wasu uku marasa sheƙi, 1,050. Ƙurar hunturu da bushewar iska suna lanƙwasa katunan, sai an danne su da littafi mai nauyi da dare. An gama 96.

Asabar, 25 ga Janairu

Gwajin farko a aji, jimla 20, a mayar Hausa. Tuli na biyu zuwa na biyar sun tafi lafiya. “Run out” ce ta karya kowa.

Jimla ta 9 ita ce “We ran out of sugar”. Mutum 15 cikin 22 sun rubuta wani abu mai kama da mun fita daga sukari a guje, ko suka bar wurin babu komai. Laifin katunana ne, domin na sa “run out” a kati ɗaya da fassara ɗaya, alhali abubuwa uku ne.

Na farko: “He ran out of the house”, ya fita daga gida a guje. Na biyu: “He ran out of money”, kuɗinsa sun ƙare. Ginin jimlolin biyu iri ɗaya ne kalma bayan kalma. Abin da ya raba su shi ne sunan da ke bayan “of”: idan wuri ne da ake shiga a fita, gudu ne, idan abu ne da ake ci ko ake kashewa, kamar mai, kuɗi, lokaci, haƙuri, to ƙarewa ce. Na uku: “The sugar ran out”, babu “of”, kuma sukarin ne aikau.

Wahalar ta fi tsanani idan aka juya daga Hausa zuwa Ingilishi. Mu abin da ya ƙare muke sa wa a gaba: sukari ya ƙare mana. Bature ya fi sa mutumin a gaba. Shi ya sa wasu sukan rubuta “Sugar ran out of us”, wanda ke nufin sukarin ya fito daga jikinmu. Gyara: kati shida maimakon ɗaya, bibbiyu a haɗe, da atisaye na baki inda ɗaya zai faɗi jimlar da mutum a gaba, ɗayan ya mayar da ita da abu a gaba. Haka za a yi wa “run low on” da “run short of”, tunda gininsu ɗaya ne. Fasfo ko lasisi idan ya “run out”, wa'adinsa ne ya cika. Wannan ma kati guda.

Laraba, 29 ga Janairu

Bayan abin da ya faru Asabar, na sake duba sauran ƙananan kalmomin da tambaya ɗaya: me ke biye?

“Run into”: bango ko mota, karo, mutum, kiciɓis, matsala ko bashi, faɗawa ciki, adadin kuɗi, kaiwa, kamar a ce asarar ta kai miliyoyi.

“Run over”: mota ta bi ta kan abu ta take shi, taro ya wuce lokacinsa, ƙwarya ta cika ta tumbatsa.

“Run down” ta fi su rikici. Batir ya yi sanyi. Wani yana kushe wani a bayan idonsa. Mota ta banke mutum. Idan aka haɗa da karan ɗori ta zama sifa, gini ne da ya lalace don rashin kula, ko jikin da ya mutu don gajiya. Idan aka haɗe ta kalma ɗaya ta zama suna, “a rundown”, taƙaitaccen bayani ne. Kati shida.

“Run through” bita ce da sauri, ko kuma cinye dukiya. “Run up” tara bashi. “Run it by me” kuwa, faɗa mini in ji, in ba da ra'ayina. A ofis aka fi jin ta. Katuna sun kai 158.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Atisayen baki na “run out”, minti 25. An yanka sauran katuna.

Talata, 4 ga Fabrairu

Matsalar furuci. Siffofin aikatau ɗin uku ne, “run, ran, run”, ta uku ta koma ta farko. A rubuce kurakurai uku ke maimaituwa: “runned”, “has ran”, da “runing” da n ɗaya. Waɗannan alli da allo ke gyara su.

A baki kuwa, “run” da “ran” sauti ɗaya suke fita a ajin nan. Hausa wasali biyar gare ta, gajere da dogo, kuma wasulan Ingilishin nan biyu duka kan “a” ɗinmu suke sauka. Mutanen kudancin Nijeriya sukan ja “run” wajen “o”, don haka su suna rarrabewa ta wata hanyar. Dabarar da ta fi aiki yau: a “ran” a buɗe baki sosai, a ja leɓe gefe, harshe ya matso gaba, a “run” a saki baki, sauti gajere daga tsakiya, kusa da gajeren “a” na cikin “ɗan”. An haɗa da “fun” da “fan”, “cut” da “cat”, “bun” da “ban”.

An ɗauki murya da waya, jimla 30, don a tura wa 'yan aji ta WhatsApp. Ɗaukar farko ta ɓaci da ƙarar janaretan maƙwabta. An sake bayan asuba, a ɗaki mai labule da katifa don kada murya ta yi amsa-kuwwa. An yanka shi gida shida, kowane bai wuce minti biyu ba, saboda masu ƙaramin data.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Yinin yau na bambancin ƙasashe ne, kuma tuli na shida ya fi cin moriya. Ba'amurke yana cewa “run for” kujera, Baturen Ingila ya saba cewa “stand for”, ko da yake ta Amurka ta bazu har can. Tamu ta Hausa da ta Ingila ta dace, tsayawa takara. Jaridun Nijeriya suna amfani da duka biyun, tare da “contest”. “Running mate” abokin takara ne, wanda zai zama mataimaki. “Run-off” zagaye na biyu ne, kuma misalin da kowa a ajin ya tuna shi ne na Nijar, ranar 21 ga Fabrairu 2021, tsakanin Mohamed Bazoum da Mahamane Ousmane.

Sai Ingilishin gida. “Running stomach” da ake faɗa a asibitocinmu don gudawa, likita a Landan zai gane da ƙyar. Can “diarrhoea” ko “upset stomach” ake cewa, a hira kuma “the runs”. Abin lura, kalmarmu gudawa ma daga gudu ta fito. “Running nose” a can “runny nose” ce. “He is running temperature” tana buƙatar “a” kafin kalmar ƙarshe. “Run mad” tsohon Ingilishi ne da ya zauna a nan, na yau “go mad” ne. “Runs” da samari ke faɗa don harkar da ba ta da tsabta, har da satar amsa, tamu ce ta nan.

Ban yarda a kira waɗannan kuskure a littafin ba, domin mutane miliyoyi suna fahimtar juna da su kullum. Za a sa musu rawayar kusurwa da rubutu: ana faɗa a gida, kada a rubuta a jarrabawa. Kati 9.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Ɗab'i ya ɓaci. Littafin shafi 24 ne girman A5, wato takardar A4 shida gaba da baya, fuska 12 kowane kwafi, a kan naira 40 fuska ɗaya. Na kai fayil ɗin yadda yake na Word, kwamfutar shagon ba ta da samfurin haruffan da na yi amfani da shi, sai ta sauya da wani. Duk ƙ da ɗ da ɓ suka koma ƙananan akwatuna, layuka suka zame, shafi na 13 ya faɗa na 14. An riga an buga kwafi 10 kafin a duba. Asara 4,800.

Gyara: an mayar da rubutun gaba ɗaya cikin samfurin haruffa na Charis SIL, wanda ke da haruffa masu lanƙwasa manya da ƙanana, aka fitar da shi PDF don haruffan su tafi tare da fayil. Daga yau kwafi ɗaya za a fara bugawa, a ninke, a karanta shafi-shafi, sannan a ba da izinin saura. A kuma tuna adadin shafin littafin da ake ninkewa dole ya rabu da huɗu; idan aka ƙara shafi ɗaya, huɗu aka ƙara.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Jinkirin ya ba da damar gyara shafin sunaye, wanda da ya yi ƙaranci. An ƙara “in the long run”, a ƙarshen al'amari idan an daɗe. “On the run”, mai laifi da ake nema. “Dry run”, gwajin aiki kafin ranar gaske. “Print run”, adadin kwafin da aka buga a zubi ɗaya. “Runner-up”, wanda ya zo na biyu. “Runway”, titin tashin jirgi. A wasan kurket da besbol “run” maki ne.

“A run on the bank” ya sami rabin shafi, don 'yan kasuwan ajin sun tambaya. Shi ne masu ajiya su yi dafifi su kwashe kuɗinsu lokaci ɗaya saboda tsoron banki zai durƙushe, kamar yadda aka yi wa bankin Northern Rock a Birtaniya a watan Satumba 2007. Banki ba ya ajiye dukkan kuɗin mutane a hannu, yana ba da rance da mafi yawansu, shi ya sa dafifin kansa ke iya kayar da shi.

Cikin jimla 11 da aka ɗaure gefe, bakwai sun sami wuri. “Run amok”, wadda rabinta na biyu daga harshen Malay aka aro, ta shiga tuli na bakwai. Huɗu an jefar, ba a cika jin su ba.

An buga kwafi 25, 12,000. Ɗinke tsakiya da waya, 2,500. Haruffa sun fito daidai. Kuɗin da aka kashe daga farko zuwa yau: 25,550.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Gwaji na biyu, jimla 20 sababbi da babu su a kati. Mutum 20 suka zauna. “Run out of” 17 sun samu. Rauni ya koma “run down” da tuli na biyar: jimlar da ta ce katanga “runs” a bayan makaranta ta ruɗa mutum 8, domin abu ne da ba ya motsi ko kaɗan. Katunan tulin sun cika maganar mota da jirgin ƙasa, waɗanda ke tafiya da gaske, don haka ɗalibai suka ɗauka motsi sharaɗi ne. Ana buƙatar misalan abubuwa masu zama wuri ɗaya: katanga, bututu, wayar lantarki, iyakar ƙasa, tabo a fuska.

Furucin “run” da “ran” ya gyaru idan ana karanta kalmomin su kaɗai, ya koma yadda yake a cikin jimla.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Katuna 204 yanzu, an ƙara 12 na abubuwa marasa motsi. Tuli na bakwai an raba shi biyu, masu sifa da masu suna, kamar yadda ya kamata tun 16 ga Janairu. Wannan zai sa a sake shafi na 15 da na 16 a bugu na gaba. Kafin nan an buga takarda guda an liƙa a cikin kowane kwafi.

Azumi ya ƙarato, aji zai koma sau ɗaya a mako da safe. A lokacin za a ci gaba da sautin WhatsApp kawai, jimla biyar a rana, duka masu “ran” da “run” a tsakiyar magana. Gwaji na uku bayan Sallah, wannan karon daga Hausa zuwa Ingilishi, jimla 25. Kwali biyu marasa sheƙi za a saya don kalma ta gaba, “get”, kuma tattara jimlolinta zai fara ranar Litinin daga jaridun nan uku.